Kwalbar Barbera zuwa gidan Kawu

Mun tashi daga Yamai da asuba, ni da ɗan kawuna, da kwalba guda naɗe cikin zane a ƙasan jakata. Na san yawancin masu karanta ni musulmi ne, don haka bari in faɗi abu ɗaya tun yanzu: dangin uwata kiristoci ne, ni ma haka, kuma ban rubuta wannan don in kwaɗaita wa kowa abin da addininsa ya hana shi ba. Ni kaina ba mai sha ba ce.

Jan ruwan inabi ne a cikin kwalbar, na wani inabin Italiya da ake kira Barbera. Kawu, yayan uwata, ya sha irinsa sau ɗaya, ranar aurensa, da wani limamin majami'a ɗan Italiya wanda Kawu ya yi wa aikin gini ya buɗe masa kwalba. Uwata tana wurin, tana yarinya. Ta rasu ina goye, kuma cikin waɗanda suka tashi gida ɗaya da ita Kawu kaɗai ya rage. Yanzu tsufa ya fara cinye masa tunani. In aka tambaye shi labarinta sai ya dubi ƙasa, amma sunan inabin nan bai bar bakinsa ba. Sai na ce wataƙila, ban ce tabbas ba, ɗanɗanon zai buɗe abin da tambaya ta kasa buɗewa.

Kuɗin mota ya hau tun zuwana na ƙarshe, direba ya ɗora laifin a kan mai, mu kuma muka biya. A Doso muka karya da masa da shayi. Wani matashin ɗan kasuwa da ke kusa da ni, mai gemu da gajeren wando, mutumin kirki, ya ga kujera ta matse ni, ya ce in kawo jakar ya riƙe mini. Na yi godiya na ce akwai abin fashewa a ciki. Ban yi ƙarya ba, amma har muka rabu ban iya haɗa ido da shi ba.

A Kore Mairuwa muka bar hanyar Dogon Dutsi muka shiga motar Tibiri. An gama girbi, dammunan gero jere a bakin gonaki, fadama kuwa har yanzu shar take da rake da rogo, giginyoyi tsaye a kansu. Duk ramin da motar ta faɗa sai in lalubi ƙasan jakar in ji ko ta jiƙe. Daga Tibiri kabu-kabu ya kai mu ƙauyen, kusa da Dumega, cikin rairayin da ya sa muka sauka muka taka a wasu wurare.

Kawu na zaune ƙarƙashin rumfa. Ya amsa gaisuwata da fara'a, sannan ya juya ga ɗansa ya ce, "Ɗiyar wa ta wagga?" Aka faɗa masa. Ya gyaɗa kai yadda ake yi wa baƙo.

Kwalbar ta yi ɗumi kamar kunu. Surukar Kawu, wadda musulma ce, ba ta taɓa ta ba, amma ta nuna mini jiƙaƙƙen yashin gindin randa ta ce in binne ta nan har la'asar. Ta kuma miƙo mini sabon ƙoƙo. "Ki riƙe shi, yaya, na bar miki har abada," in ji ta, tana dariya. Sai da la'asar ta yi muka tuna ba mu zo da abin zare toshiyar ba. Ɗan kawuna ya murɗa ƙusa mai zare a cikinta ya ja da awartaki, ni kuma na kau da kai.

Na zuba kaɗan a ƙoƙon. Launinsa kamar soɓon da ya jiƙu ya yi kauri, ƙanshinsa, in ban yi kuskure ba, na nunanniyar ɗinya. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Kawu bai karɓa ba.

"Yamai ta mantar da ke ladabi? Mai kawowa shi ka fara sha."

Haka ne kuwa. A wajenmu ko fura ce ba a miƙa wa babba sai mai miƙawa ya kurɓa. Ban shirya wa wannan ba, amma na kai ƙoƙon baki. Tsami ne ya fara zuwa, mai kaifi kamar na tsamiya, sai ɗan bauri ya kama mini dasashi, sai can baya wani zaƙi-zaƙi mai ɗumi ya bi maƙogwaro ya daɗe bai tafi ba. Kafin zaƙin ya iso fuskata ta riga ta yamutse, ido ɗaya a rufe.

Kawu ya ƙura mini ido. Sai ya fara dariya, har da tari.

"Auta, ba ki sake ba. Rannan ma haka kinka yi, kinka tofar da shi bisa farar rigar bature, kinka ce an ba ki ruwan jimar fata."

Auta ita ce uwata. Ɗan kawuna ya buɗe baki zai gyara masa, na taka masa ƙafa. Kawu ya karɓi ƙoƙon, ya shinshina, ya riƙe kurɓin a baki yana lumshe ido kafin ya haɗiye. Ya ce shi ne, sai dai na wancan lokaci ya fi daɗi saboda haƙoransa na nan. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya tuna mini yadda na hau jakin maƙwabci na ɓata har Gecheme, da yadda ba na cin tuwo sai da ƙanzo, da waƙar da nake yi in ina daka. Na zauna ina amsa "haka ne, yaya" ga rayuwar da ban taɓa ji ba.

Can ya kama hannuna ya ce, "Ina kinka tahi kinka daɗe haka?"

Na ce, "Yamai." Ya ce wuri ne mai nisa.

Washegari da na je sallama ya yi mini addu'ar baƙi, ya ce in gaida mutanen gidanmu. Ɗan kawuna ya wuce Dogon Dutsi wurin aikinsa, na kamo hanyar Yamai ni kaɗai.

Ban tabbata na kyauta ba da na bar tsoho cikin kuskurensa, har yanzu ina juya abin a raina. Abin da tafiyar ta koya mini, in har zan iya kiransa darasi, shi ne duk mai tsoho a gida ya je yanzu, kada ya jira sai ya tsara tambayoyi. Da na isa ɗakina na yanka lemun tsami na matse a baki, na tsaya gaban madubi, na daɗe ina kallon uwata.