Dabo Mai Hawan Falwaya

Dabo mutumin Baure ne, amma a Daura ya yi rayuwarsa. Yana saurayi ya shiga aikin kamfanin tarho, ya fara da ɗaukar tsani, har ya zama shi ake aikawa idan layi ya mutu. Gajere ne, ba ya da yawan magana. Abin da aka san shi da shi a unguwarmu ɗaya ne: ba ya hawa falwaya sai ya bi gidajen da ke kewaye ya nemi izinin masu gida, domin daga sama ana hango tsakar gidan mutane. In ya dafa tsani kuma sai ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau!"

Na san shi sosai a shekarar da ciwon sikila ya kwantar da 'yata Barakatu. Wanta Saminu yana karatu a Sudan, likita kuma ya gaya mini gaskiyar abin da ya gani. Barakatu ba ta nemi komai ba sai ta ga fuskar wanta. Ba ta iya zuwa shagon intanet, saboda haka na nemi a haɗa mana ta layin wayar girke da ke soro.

Dabo ya zo da modem, na'urar haɗa kwamfuta da intanet, da wani ƙaramin akwati mai raba murya da intanet. Ya jona su a soro, ya miƙa mini doguwar waya na ja ta da kaina zuwa ɗakinta. Fitilar modem ta kama, tana ƙyaftawa, ta ƙi tsayawa. Ya ɗauki kan tarho ya saurara.

"Malam, akwai shuu a layin. Mahaɗar sama ta yi tsatsa. Magana za ta wuce a haka, hoto ba zai wuce ba."

Falwayar tana jikin katangar maƙwabcina Maliki, mai fataucin shanu, shi kuwa ya yi kudu da kaya, ba a san ranar dawowarsa ba. Dabo ya ce zai jira. Na ce masa lokaci ya yi mana kaɗan. Ya sunkuyar da kai, bai ɗauki tsani ba.

Iya, mahaifiyar Maliki, ta fito har ƙofa da sandarta.

"Kai Dabo, hau mana! Me za ka gani wurina, haƙoran da babu?"

"Iya, ba ke kaɗai ba ce a gidan."

"To su shiga ɗaki."

"Gidan Maliki ne, Iya. Ban ji daga bakinsa ba."

"Ni na haife shi, ja'iri!"

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya ja kwana, bai motsa ba.

Barakatu ce ta warware maganar daga kan gadonta. Ta ce a gaya wa Iya tana son duk matan gidan su zo dubiya, har da yara. Suka zo da kwanon fura, Iya ta ja ƙofar gidansu ta miƙa wa Dabo makulli. Ya duba makullin, ya sa a aljihu, ya kafa tsani. Gidan ba kowa sai kaji, amma duk da haka ya ce, "Za a hau!"

Ya kankare tsatsar, ya sake ɗaure wayar. Yana can sama fitilar ta tsaya cak. Bayan la'asar fuskar Saminu ta fito a kwamfuta, tana yankewa tana dawowa. Barakatu ta ce masa ya rame. Ya ce ita ce dai ta rame. Iya ta tura kai gaban kowa tana tambayarsa ko ana tuwo a can.

Sun yi ta ganin juna har ƙarshen damina. Ranar jana'izarta Dabo yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Daga baya layukan girke suka mutu a garin, aikinsa ya ƙare. Yanzu kafa farantin tauraron ɗan'adam yake yi a rufin gidaje. Gwiwarsa ta fara ciwo, hawa yana yi masa wuya. Har yau yana bin ƙofa ƙofa kafin ya kafa tsani.