Hancin Tsurumaru

A kudancin Satsuma, inda gonakin shayi ke gangarowa har su kusa taɓa teku, akwai wani tsoho da ake kira Tsurumaru Eiji. Ɗan manomin dankali ne, kuma ba wanda ya taɓa sa ran zai yi wani abin da ya wuce noman dankali. Hanci ne ya raba shi da 'yan'uwansa. Tun yana ƙarami, in an zuba dankali a ma'aji, shi ake turawa ya sansana, ya nuna kusurwar da ruɓa ta fara tun ido bai gan ta ba. Uwarsa takan ce ta haifi yara huɗu da kare ɗaya.

Da ya gama sakandare, wani malaminsa ya samo masa aiki a arewa, a wani katafaren kamfanin barasa, can kuma ya yi shekara talatin da 'yan kai. Wiski iri biyu suke yi. Akwai na tsiron sha'ir zalla, wanda ake dafawa a tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya. Shi ne ɗan gata, shi baƙi ke zuwa ɗauka hoto. Akwai kuma na hatsi, na masara da alkama, wanda ke tsiyayowa daga wata doguwar hasumiyar ƙarfe ba dare ba rana. Ba shi da nauyi, yana da ɗan zaƙi, ana zuba shi ne cikin na farkon don ya tausasa shi, ya kuma ƙara masa auki. A ɓangaren hatsi aka sa Eiji, a nan ya yi furfura. In abokan aiki suka tsokane shi, yakan ce, "Mu shinkafa ne. Ita ke cika ciki, amma kifin da ke kai ake yabo."

Da safe yake aikinsa, kafin ya sa komai a baki. Za a jera masa ƙananan kofunan gilashi, kowanne an sirka shi da ruwa an rufe masa baki. Ya buɗe, ya sansana, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Sai ya ce wannan ya yi, wannan a bar shi ya ƙara kwana, wannan katakon ya fi ƙarfinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin barasa, ba wanda ya taɓa ganinsa a buge.

Gidansa ma hancin ne ke mulki. Ba a cin tafarnuwa, ba a kunna taba, ba a soya kifi da safe. Matarsa Kazue, 'yar mai sayar da busasshen kifi, ta bar shafa turare tun makon aurensu, kuma ba a taɓa jin ta yi maganar ba. 'Yarsu Noriko sai da ta bar gida ta san man gashi mai ƙamshi.

Da ya yi ritaya suka dawo Satsuma, suka gyara tsohon gidan iyayensa. Bai yi wata shida yana zaman kallon teku ba sai ga Hokazono Ritsuko ta yi sallama da ƙunshin alewar wake a hannu. Ita ce ta gaji ƙaramin gidan shocu na garin, barasar dankalin da kowa ke sha a yankin. Ubanta ya rasu, tsofaffin da ke shan shocunsu suna ta bin sa ɗaya bayan ɗaya, matasa kuma ba sa ko kallon kwalbar.

"Tsurumaru-san, wiski nake so in yi."

"Yanzu ai kowa wiski yake so ya yi. Har mai awarar bakin tasha."

"Na hatsi nake nufi. Sha'irin nan namu da shinkafarmu. Kuma ba don a zuba cikin wani ba, shi kaɗai za a sha."

Eiji ya ajiye kofin shayinsa. "Yarinya, gaya za ki ba mutane?"

"In shinkafa ta yi kyau, Kawu, ai ana cin ta gaya."

Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Amma washegari da sassafe aka gan shi a harabar gidan shocun yana ɗanɗana ruwan rijiyarsu.

A nan ya sake haɗuwa da Denji, mai gyaran ganguna, wanda suka yi firamare tare. Bugun guduma ya cinye wa Denji rabin kunne, don haka Eiji ke kiransa Kurma, shi kuma ya farfaɗo da tsohon sunan nan na Kare. Denji ya warware tsofaffin gangunan katako, ya kankare cikinsu, ya ƙona, ya sake ɗaurewa. Akwai guda ɗaya da ya yi wa marfi da gindi da katakon wata bishiyar sakura mai fure da guguwa ta kayar a bayan gidansa, yana ji da ita kamar 'yar auta. Aka cika ganguna, aka jera su a wani ɗaki mai sanyi, aka shiga jira, domin sai abu ya shekara uku a katako ake kiransa wiski.

A damunar farko Eiji ya ce ɗanye ne, har yanzu gona yake ƙamshi. A ta biyu ya ce ya fara hankali. A sanyin shekara ta uku mura ta kama shi, da zazzaɓin da ya kwantar da shi kusan mako biyu. Ya warke, ya tashi, yana cin abinci ba ya jin daɗinsa, ya ɗauka ragowar ciwo ne.

Wata rana da hantsi Kazue ta ɗora kifi a wuta ta fita shanya. Eiji yana zaune dab da murhu yana karanta jarida. Sai ga ta ta shigo da gudu.

"Baban Noriko! Ba ka jin ƙauri ne? Gidan zai kama da wuta kana zaune!"

Ya ɗaga kai ya ga hayaƙi ya kai rufi. Ya tashi ya buɗe tulun miso, daddawarsu ta waken suya, ya sa hanci. Ya ɗauki sabulu, ya ɗauki gwangwanin shayi. Ya fita bayan gida ya buɗe jarkar kalanzir, ya daɗe a sunkuye a kanta. Kazue tana tsaye bakin ƙofa da ƙonannen kifi a hannu, tana kallonsa.

Likita a birnin Kagoshima ya leƙa hancin, ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙi, ba wanda zai yi masa alkawari. Daga asibiti Eiji bai biya gida ba, ya zarce wajen Ritsuko, ya sunkuyar da kai ya gaya mata yadda ake ciki, ya ce ta nemi wani. A bazarar nan ne za a zaɓi gangunan kwalbar farko.

"Harshen ma ya tafi?" in ji ta.

"Yana nan. Ina jin zaƙi, ina jin ɗaci da bauri, ina jin kauri da zafi. Amma harshe ba hanci, ai makaho ne da sanda."

"To, riƙe sandar tukuna. Ni shocu na sani, ban san wannan ba."

Ya koma gida da 'yan kwalabe, ya jera kofuna a teburin cin abinci kamar yadda ya saba, ya zauna yana kallonsu. Kazue ta zo kwashe kwanuka. Ta ɗauki kofi ɗaya don ta goge ƙarƙashinsa, sai ta tsaya.

"Wannan ai kwabar mamarka ce."

"Wace kwaba?"

"Wadda take ɓoye baƙin sukari. Tsohon katako, da sukari, da ɗan ƙamshin tabarma."

Eiji ya duba gindin kofin, inda aka rubuta lambar ganga. Daga gangar da ta fi kowace tsufa yake, wadda ta daɗe tana riƙe da shocu kafin a zuba mata wiski. Ya tura mata na biyu. Ta ce ɓawon gasasshen dankali ne, inda ya ɗan kama. Na uku ta ce ayaba ce da ta yi kwana biyu a jakar makaranta. Na huɗu ta yamutsa fuska ta ce ashana. Ita ba ta san me kalmominta ke nufi ba, shi ya sani: wanne ne katako ya yi wa aiki, wanne ne aka yi wa gaggawa a wuta, wanne ne zai gyaru in an ƙyale shi. A iya zamansu tare bai taɓa tambayarta abin da hancinta ke ji ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Haka suka yi bazarar. Kowace safiya su biyu suna ɗakin ganguna, ita ta sansana ta faɗa, shi ya kurɓa ya tofar, Ritsuko tana biye da su. Denji yakan leƙo ya ce, "Kare ya tsufa, an kawo uwargidansa farauta." Eiji ya ce, "Ka ji dai abin da ba a faɗa maka ba, Kurma."

A kan gangar sakura aka samu saɓani. Da Eiji ya kurɓa, sai ya ƙi tofarwa da wuri. Yana da santsi, yana da kauri kamar an ɗiga zuma, ga wani ɗumi da ke sauka a hankali ya daɗe a maƙogwaro. A duk tsawon aikinsa bai taɓa jin na hatsi ya cika baki haka ba. Ya miƙa wa Kazue. Ta sansana sau ɗaya ta kawar da kai.

"Tsumman goge-goge ne da ya kwana a jiƙe."

"Sake ji."

"Na ji. Akwai fure a sama, amma tsumman yana ƙasa."

Ritsuko ta sansana ta ce kamar akwai, kamar babu. Denji kuwa wannan karon ya ji sarai.

"Gangata ce ke wari? Kazue-san, ke da kika tashi cikin busasshen kifi, ke ce za ki gaya mini wari?"

"Shi ya sa na san shi, Denji-san."

Duk suka juya ga Eiji. Ya sake kurɓa, ya riƙe a baki har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya tofar. Ya ce a bar ta, ba za ta shiga ba. Denji ya ɗauki gudumarsa ya fita, ya yi kusan wata guda ba ya amsa masa gaisuwa. Eiji ma ya yi kwanaki yana cin abinci ba magana. Kazue ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma janye maganarta ba.

Ranar da aka buɗe kwalbar farko, Ritsuko ta shimfiɗa tebura a harabar gidan da rana tsaka, ta gayyato manoman da suka ba da sha'ir da shinkafa. Aka kawo soyayyen ƙosan kifi da naman baƙin alade. Wiskin ruwan zinariya ne mai haske. Ta roƙi Eiji ya nuna wa mutane yadda ake sha. Ya ce su fara sansanawa daga nesa, kada su cusa hanci kamar masu shaƙar maganin mura. Su kurɓi kaɗan, su bar shi ya zaga baki. Sannan su ɗiga ruwa, su jira, su sake.

Wani manomi ya bi umarnin tiryan-tiryan, ya lumshe ido, ya ce, "Ashe sha'irina ne wannan? Da na san haka zai zama, da na riƙa gaishe shi da safe." Aka ce santi ya kama shi. Wata tsohuwa kuwa ta jawo butar ruwan zafi ta tuttula a nata, kamar yadda take yi wa shocu. Ritsuko ta yunƙura za ta hana, Eiji ya ce ta ƙyale ta, bakinta ne. Denji ya sha nasa ya ce ba laifi, amma da an sa gangarsa da an ga abu. Shi Eiji ya kurɓa, ya ji zaƙi, ya ji santsi da ɗumi. Iyakar abin da ya samu ke nan daga aikin shekara uku, kuma a ranar ya haɗiye.

Kwalaben sun tafi a hankali. Wasu mashaya a Kagoshima da Osaka suka karɓa, suka sake aikowa. Wani mai rubutu a mujalla ya ce ya cika sauƙi, wani ya ce sauƙin ne kyansa. Gidan Hokazono bai yi suna ba, bai kuma rufe ba. Gangar sakura tana nan a kusurwa. Duk shekara ana buɗe ta, Denji ya ce ta gyaru, Kazue ta ce tsumman ne dai ya fara bushewa.

Hancin ya dawo bayan shekara biyu, amma a karkace. Gahawa tana masa warin ƙonanniyar taya, lemo yana masa warin fenti, wasu abubuwan kuma har yau shiru. Da ya ga haka sai ya ce gara babu da maƙaryaci, ya daina sa baki a zaɓen ganga sai in an tambaye shi kauri. Ritsuko ta ɗauki wata matashiya da ta karanci aikin a jami'a, ta haɗa ta da Kazue, suna jituwa, ko da yake matashiyar ta sha wahala kafin ta gane cewa "jakar makaranta" yabo ne.

Yanzu ranar Talata da Juma'a Eiji ne ke tuƙa Kazue zuwa gidan shocun a 'yar farar motarsa ta gona. Ta shiga, shi ya tsaya a inuwa. In Denji yana nan, sai su zauna kan wata tsohuwar ganga suna musu a kan abin da ɗayansu bai ji ba, ɗayan kuma bai sansana ba. In ba ya nan, Eiji ya kwantar da kujerar mota, ya kunna rediyo yana sauraron hasashen yanayi na masunta har ta fito.