Almustapha Mai Turi da Korayen Fuskoki

A bakin kasuwar Gummi, kusa da masu gyaran babur, Almustapha yake da rumfa. Turi ne sana'arsa: karatun malamai, waƙoƙi, finafinai, duk yana zuba wa mutane a waya. Ɗan Anka ne. Can ya koyi kwamfuta, shekarun da ake kwashe ƙasa mai gubar dalma a ƙauyuka, wajen wani injiniya da ya zo aikin. Da mutumin zai tafi ya bar masa tsohuwar kwamfuta, da kuma wani hali: ba ya yarda da manhajar da wani ya gama haɗawa. Sai ya sauko da asalin rubutunta, ya sa kamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun ya zama abin da na'ura za ta gane, ta gina masa tasa.

Abin da ke ci masa rai shi ne matse bidiyo don ya shiga ƙananan wayoyi. Ranar kasuwa masu haƙar zinare daga Bukkuyum su cika masa benci, kwamfutar tana jan ƙafa, suna tsaki. A wani zauren intanet ya karanta cewa kamfailar tana da wasu zaɓuɓɓuka na ƙara gudu. An rubuta ƙarara cewa na gwaji ne. Ya kunna su gaba ɗaya.

Ginin farko ya mutu da batirin sola ya ƙare. Na biyu zafi ya kashe shi. A na uku ya ɗora kwamfutar kan bulo, ya zauna yana mata fifita tun hantsi har la'asar. Manhajar matse bidiyon ta ginu, kuma gudun ya ƙaru ƙwarai.

A makon ne yayarsa Sahura ta kawo bidiyon walimar saukar karatun ɗanta. Ya matse shi nan take, ya tura wa dangi. Washegari ta dawo, ta ajiye masa wayarta a kan tebur.

"Almu, duba min wanga abu."

Ya duba. Fuskar kowa ta koma kore kamar ganyen rama. Bakin malam yana motsi, muryar tana biyowa daga baya. Daidai inda mai sauka ya fara karatu, hoton ya daskare.

"Yaya, wayarki ce."

"Har da ta Inna? Har da ta baban yaron? Dangin mijina na Anka sun bugo suna tambaya ko ciwo muke yi."

Ya gwada wasu bidiyoyin, lafiya lau. Wannan kaɗai ke lalacewa. Ya fara kashe zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya sake gini, kowane gini ya cinye masa rabin yini. Yau koren ya ɓace, gobe ya dawo. Ya rubuta wa mutanen zauren koke mai tsawo. Wani ya amsa da layi guda: ai an ce maka na gwaji ne. Almustapha ya rufe kwamfutar da ƙarfi, ya fita ya tsaya a rana har ransa ya ɗan sauka.

Daga ƙarshe ya gano zaɓi biyu ne ba sa jituwa. Bai ma tsaya rarrabe su ba, ya kashe duka, ya gina manhajar yadda masu ita suka tsara. Bidiyon ya fito tsaf. Sahura ta sa shi hawa babur gida gida yana goge tsohon yana zuba sabon. Inna ce kawai ta hana a taɓa mata waya, ta ce ko da wane launi ta san jikanta.

Har yau yana rumfar, kuma har yau da hannunsa yake gina manhajojinsa. Ranar kasuwar da ta biyo baya, wani mai haƙar zinare ya leƙo ya ce, "Malam, injin naka ya koma tafiyar hawainiya."

"Ga mai kunu can," in ji Almustapha. "Je ka sha ka dawo."