Injin Baba Ishaya da ɗorawar da ta tare hanya

Ko zan manta da komai a wannan sana'a, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka binne Baba Ishaya ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin, to ku gyara zama. Amma duk wanda ya yi dariya fiye da kima, kada ya ƙara kawo mini gyaran kabiretar injinsa.

Ga sababbin cikinku, ni ne Ɗanladi mai gyaran motoso, wato injin yankan katako, a nan Kafanchan. Masu yanka, waɗanda muke kira ofareto, su ke shiga daji, ni kuwa ina shago ina jiran su kawo mini abin da suka lalata. Ina kuma da wata cuta da matata ta gaji da kaiwa gaban Ubangiji: tara tsofaffin injuna. Duk inda na ji an yar da wani a bayan rumbu, ko a Kwoi ne, sai na hau babur na ɗauko. In wanke, in tayar, in rataye a bango ina kallo. Ba abin da suke kawo mini sai tsatsa da faɗa a gida.

Wanda na fi kwaɗayi shi ne na Baba Ishaya, wani tsohon ofareto a wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma. Ƙarfe ne zalla, ba roba, nauyinsa kamar buhun citta. Sau uku ina roƙonsa ya sayar mini, sau uku yana cewa, "Ɗanladi, sha ruwa ka koma gida."

Da damina Baba ya rasu. Ranar jana'iza da sassafe babban ɗansa Bitrus ya buga mini waya. Iska ta kayar da wata ƙatuwar ɗorawa a kan hanya ɗaya tilo da ke shiga gidansu. Dama rafi ne, hagu gona ce ta jiƙe sharkaf, ga shi motar da ta ɗauko gawa daga asibiti za ta iso da ƙarfe goma.

"Oga, don Allah ka zo da inji mai kyau," in ji shi. "Ba ma so a sauke Baba a hanya a tsallaka da shi kan itace."

Ga inda rashin kunyata ta fara. Ina da sabon inji a shago, ja ɗaya yake tashi. Na dube shi, na bar shi da gangan, na ɗauki jakar sifana kawai. Dabarata ita ce in tayar da tsohon injin Baba a gaban jama'a, kowa ya ga ni kaɗai na iya da shi, iyalin su ce, "Ai Ɗanladi ya dace ya riƙe shi." Mutum yana kwance a makara, ni ina tunanin ƙarfensa!

Na isa na ce wa Bitrus girmamawa ce a buɗe wa Baba hanya da injinsa. Dattawa suka ce madalla. Aka fito mini da shi, da sarƙarsa a naɗe cikin tsumma. Na bi ƙa'ida tsaf: na zubar da tsohon mai, na wanke kabireta, na goge filogi, na haɗa fetur da baƙin mai yadda irin waɗannan injuna ke so.

Ga wanda bai sani ba, sarƙar motoso tana da haƙora, kuma gefe ɗaya kawai suke ci. In ka ɗora ta a kan dogon ƙarfen da take zagayawa, dole kaifin haƙoran sama ya kalli gaba, wajen itace. Ranar farko ake koya wa mutum wannan. Ni kuwa lokacin da nake ɗaurawa, bakina yana can yana yi wa dattawa lacca a kan yadda injunan yanzu duk roba ne, makanikan yanzu kuma duk 'yan koyo.

Ja na uku injin ya tashi. Kai, ku ji ƙara! Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma na buɗe ƙirji na ɗora shi a kan ɗorawa. Hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika wuri. Na ɗaga, sai wani baƙin layi kawai a jikin ɓawo. Na ce ɗorawar ta sha ruwa ne. Na sake dannawa da duk ƙarfina har gumi ya rufe mini ido. Na ce fetur ɗin ƙauye ne ba shi da kyau.

Ina cikin haka motar gawa ta iso ta tsaya a bayana, 'yan zumuntar mata na coci suna biye da waƙa. Waƙar ta ƙare, suka sake ɗauko ta daga farko. Fasto ya dubi agogo, ya dube ni. Bitrus ya matso, idonsa jajawur.

"Oga, ina sabon injin naka?"

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, har da tsoro, domin samari sun fara shawarar yadda za su ɗaga akwatin gawar.

Sai na ga mutane suna darewa. Mama Rifkatu ce, matar marigayin, wadda ya kamata tana zaune a ɗaki ana yi mata gaisuwa. Ta yi mini alama in kashe injin. Ta sunkuyo daidai kunnena.

"Ɗana, tun daga ɗaki na ji ba ya cin itace. Ka sa sarƙan baya. Juya shi."

Na duba. Haƙoran sama duka ni suke kallo. Kafin in buɗe baki ta miƙe ta ce wa jama'a da ƙarfi, "Injin ya daɗe bai yi aiki ba, ku ba shi lokaci kaɗan." Ta juya ta koma.

Nan take na juya sarƙar. Injin ya shige cikin ɗorawa, garin katako na tashi, samari na mirgine gungume. An makara kusan awa guda, amma a cikin mota Baba ya shiga gidansa.

Za ku ce na yi hankali. Ina! Bayan sati biyu na koma yi wa Mama gaisuwa, na kewaya na kewaya, na ce tunda yanzu babu mai kula da injin, ni zan iya adana shi.

"Wa ya gaya maka babu?" ta ce. "Tun muna sabon aure ni ke wasa masa sarƙa da magagari, ni ke ɗaurawa. Babanku yanka kawai ya iya. In kana so ka ga injin, ka zo ka gaishe ni."

Abin da na koya ke nan. A aikinmu, in baki ya fara aiki, ido yakan tafi hutu. Kuma mukan ga wanda ke riƙe da inji a daji mu ɗauka shi kaɗai ya san shi, ba ma tambayar wa ke gyara masa a gida. Injin yana nan a ɗakin Mama har yau. Nakan je, takan bar ni in tayar da shi in ji ƙararsa, amma sarƙar ita ke ɗaurawa.