Talatin ɗin Baba Dramani

Ni dai Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, ban ɓoye wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya ina sayar da koko da ƙosai a bakin babbar kwatar unguwar Nima, kuma duk tsawon lokacin abu ɗaya ya tsaya mini a rai game da Baba Dramani, tsohon da ke gyaran keken ɗinki a rumfar da ke kallon tawa. In abu ya ƙi tashi a hannunsa, janareto ne ko murhun gas, ba ya sake taɓa shi nan take. Sai ya ja da baya, leɓɓansa suna motsi, har ya ƙirga talatin. Hannunsa na dama kuma yatsu uku ne kacal.

Daga Salaga ya zo tun yana saurayi, ya shiga soja, ya yi shekara ashirin da biyu a ɗakin makamai yana gyaran bindigogi. Iyakar abin da unguwa ta sani ke nan. Na tambaye shi zancen ƙirgar nan ya fi sau hamsin, amsarsa ɗaya ce: “Ruhaina, 'yata, kokonki zai huce.”

Ana nan sai ƙanena Falalu ya sami aikin gadi a wata gona gaba da Dodowa. Mai gonar ya ba shi wata tsohuwar bindiga mai lasisi da gwangwanin harsasai na rarar soja, waɗanda suka girmi Falalun kansa. Wata Juma'a ya zo karin kumallo fuska a murtuke.

“Yaya, an ɗaure wa bindigar nan baki. Ɓarayin awaki ne suka yi asiri. Sau biyar ina jan kunama, ƙas kawai. Kowane karo sai na juyo ta na leƙa cikin bakin, ba na ganin komai.”

Sukuddireba ta faɗi daga hannun Baba. “Ka leƙa ina?”

“Cikin bakin mana, Baba.”

Ban san komai a kan bindiga ba, amma na san fuskar tsohon nan, kuma ranar na fara ganin ya yi magana bai jira ba. Ya ce gobe za su tafi gonar tare. Ni kuwa a ce in zauna ina juya koko? Haba! Na bar wa maƙwabciyata tukunya, na bi su cikin motar haya da muke kira turoturo.

A gonar Baba bai fara da bindigar ba. Harsasai biyar ɗin da suka ƙi tashi ya ce a kawo, ya juya gindin kowanne yana dubawa. Na matso har numfashina yana taɓa kafaɗarsa. Ya nuna mini 'yar lotsawar da ke tsakiya, inda allurar bindiga ta sara. Ya ce in saran ba zurfi, laifin bindiga ne, ko datti ko sifirin ya gaji. In ya yi zurfi kamar waɗannan, bindiga ta yi nata, harsashi ne ya ƙi amsawa. Sai ya kai ɗaya hanci ya shinshina.

“Kai, me ka shafa musu?”

Falalu ya sosa ƙeya. Wai ruwa ne ya shiga ɗakin gadi, harsasan suka yi kore, shi ne ya baza su a kan kwano kamar barkono, suka bushe, ya goge su da man kaɗanya don su yi ƙyalli.

“Lallai! Man kaɗanyar da na yi ta nema ke nan!” na ce. “Ɓarawon awaki daban, ɓarawon mai daban.”

Baba bai yi dariya ba. Ya ce tsufa da danshi sun riga sun cinye su, man kuma ya bi ta gindi ya ƙarasa. Wasu sun mutu, wasu kuwa barci kawai suke yi, kuma masu barcin su ne abin tsoro. Duka za a kai wa 'yan sanda, kada a sake harba ko ɗaya.

Amma Falalu taurin kai gare shi tun yana goye. “Baba, wallahi asiri ne, bari ka gani.” Kafin a ankara ya zura ɗaya mai ƙyalli, ya tura sakatar bindigar, ya auna wani suri, ya ja kunama. Ƙas.

“Kun gani ko?” Ya fara juyo bakin bindigar wajen fuskarsa.

Ban san tsoho yana da wannan zafin nama ba. Yatsu ukun nan suka cafke ƙarfen, suka mayar da shi wajen surin. “Riƙe! Ƙirga!”

Falalu ya fara ƙirga, murya a daƙile don jin haushi. Ɗaya, biyu, uku. Yana cewa bakwai, bindigar ta tashi da kanta, kan surin ya tarwatse, awaki suka watse. Ni sai ganina na yi zaune a ƙasa ina salati, hawaye suna zuba. Falalu ya tsaya yana shafa idonsa na dama, wanda yake leƙen da shi.

Baba ya jira ya cika talatin ɗinsa, sannan ya karɓi bindigar. Ya ɗago hannun nan mai yatsu uku ya nuna mini.

“Kin daɗe kina tambaya, 'yata. Shi ya kai bakwai. Ni a uku na buɗe sakata.”