Yadda Azariya Ya Daidaita Ƙafafunsa

In aka ba Azariya nama ya raba wa mutum biyu, ba ya ƙara wa ƙaramin kaso. Sai ya dubi babban, ya yanki abin da ya yi yawa, ya jefa a baki. In ya yanka ya zarce, sai ya koma kan ɗayan. Duk bikin da aka yi a unguwarsu a Kafanchan, ba a taɓa jin wanda ya ce an fi shi ba. Ba a kuma taɓa jin wanda ya ce ya ƙoshi ba.

Mutumin Fadan Kagoma ne. Ya shigo gari yana saurayi, ya zauna wajen sikelin awon citta a kasuwa, har furfura ta same shi a can. Amma ba da sikeli aka san shi ba, da ganga ne. Shekara da shekaru shi yake rataya babbar gangar cocinsu ranar Kirsimeti, ya wuce gaba, jama'a na binsa suna zaga gari. Akwai wani Dickson, tela, wanda ya daɗe yana bin bayansa da ƙaramar ganga. Mutum ne mai haƙuri. Kullum yana tambayar lafiyar Azariya, yana kuma sauraron amsar da kyau.

Ranar Litinin ɗin Ista aka yi ƙwallo tsakanin magidanta da samari. Azariya yana cikin fili a gefen magidanta, babu wanda ya taɓa shi. Ya juya ne ya ga ko wace ce take tafa masa, jikin ya juya, ƙafar hagu ta ƙi. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke. Aka kai shi Jos aka yi masa aiki, aka dawo da shi gida, aka ɗora a kujera mai hannu a ƙofar ɗaki.

Mutanenmu sun iya jinya. Zumuntar matan coci suka zo da gwate. Dangi daga ƙauye suka zo da acca da kaza. In ya yunƙura zai tashi, sai matarsa Martina ta fito da gudu.

"Baban Yafet, ina kuma za ka? Zauna! Me kana so?"

"Ruwa ne kawai."

"To ruwa ba shi da ƙafa ne? Zai zo."

Ruwa kuwa ya riƙa zuwa, da duk abin da ke bin bayan ruwa.

Ana cikin haka Milka ta iso. 'Yar ƙanwarsa ce, ta karanci gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, tana kuma neman digirin dakta. Bincikenta a kan abu ɗaya ne: me ya sa tsokar cinya take ramewa ta yi sanyi bayan jijiyar gwiwa ta tsinke, har bayan an ɗinke ta, kuma yaya ƙarfin yake dawowa. Tana neman masu irin ciwon da za ta riƙa aunawa. Azariya ya yarda nan take, ya kuma sanar a unguwa cewa jami'a ta aiko a yi karatu a kansa.

Ta zaunar da shi a benci, ta ɗaura masa ɗamara a idon sawu, ɗamarar tana haɗe da wata 'yar na'ura. Ta ce ya harba da iyakar ƙarfinsa. Ƙafar dama ta harba har benci ya motsa. Ta hagu ta yi rawa ta tsaya.

"Kawu, gwiwar ta ɗinku, amma cinyar ta manta aikinta. Sai ka tuna mata kullum. Ka miƙe ƙafa ka ɗaga, ka tsuguna kaɗan ka tashi, ka hau dakali ka sauko."

"Da zafi fa, Dakta."

"Ban zama ba tukuna. Da zafi, e."

"To yaushe za a ce na warke? Fasto ya ce in ban warke ba kafin Kirsimeti, ganga ta koma hannun Dickson."

"Ranar da ƙafafun biyu suka yi kusan daidai."

Azariya ya gyaɗa kai a hankali. Wannan magana ce da ya gane. Ya yi rayuwarsa yana daidaita abubuwa.

Atisayen ya gwada shi sau ɗaya da safe. Martina ta ji nishinsa ta ce yarinyar nan za ta kashe mata miji saboda takarda. Daga ranar bai sake ba. Amma ya lura da wani rashin adalci: ta dama ce take kai shi banɗaki, ita take ɗaukarsa in baƙi sun zo, kullum tana ƙara nisa da 'yar'uwarta. Sai ya sa aka kawo masa kujera ta biyu, ya ɗora ta ita ma kusa da ta hagu. Damina ta zo ta wuce, aka haƙe citta, Azariya yana zaune da ƙafafu biyu a sama, yana amsa gaisuwa.

Da Disamba ta kama, Milka ta dawo da na'urarta. Ta hagu ta harba. Ta dama ta harba. Ta dubi abin da na'urar ta nuna, ta kwance ɗamarar ta sake ɗaurawa, ta sake aunawa.

"Yaya? Sun yi daidai?"

"Sun yi daidai, Kawu. Amma ba ta hagu ce ta hau ba. Ta dama ce ta sauko."

"Ke kika ce daidai."

"Na ce. Kawu, kada ka ɗauki gangar nan."

Ya ji rabin farko sosai. Shi ya kai wa Fasto, a gaban dattawa, ya ce likitar jami'a ta auna da inji. Dickson ne ya fara miƙa masa hannu.

"Mun gode Allah, Baba Azariya. Ni dai zan tsaya kusa da kai, kamar kullum."

Ranar Kirsimeti aka rataya masa ganga. Daga ƙofar coci zuwa bakin titi akwai 'yar gangara, wadda yara suke saukowa da ƙafa ɗaya. Ya buga sau biyu, kiɗan ya tashi, mata suka yi guɗa. Ya sa ƙafa a gangarar. Waɗanda suka gani sun ce cikin ƙafafun babu wadda ta riga wata. Tare suka lanƙwashe. Ya zauna a ƙasa a hankali, ganga a cinya, kamar mai jiran mota. Dickson ya zare masa igiyar daga wuya yana cewa sannu, sannu, kiɗan kuwa bai yanke ba.

Milka ta gama digirinta. An ce babin da malamanta suka fi yabawa shi ne wanda ya nuna cewa kwatanta ƙafa da ƙafa yana iya yaudarar mai awo, tunda mai lafiyar ma tana iya lalacewa a zaune. Ba ta sa sunansa ba, don doka ta hana. Wannan ya fi faɗuwar yi masa ciwo.

Ta ce masa ƙarfin zai iya dawowa, in zai hau dakali ya sauko kullum. Ya rantse ganga za ta dawo wuyansa. Ya sayi bulo da siminti, ya ce da hannunsa zai gina dakalin a ƙofar ɗaki. Da ya jera, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗayan tsawo. Ya ɗauko guduma ya rage. Ya zarce, ya koma ɗaya gefen.

Allah ya ɗauke shi bara, bayan girbi. Dakalin yana nan, bai kai idon sawu ba, buhun simintin ya daskare a gefensa. Martina tana shanya barkono a kai.