Takardar Bankin Kawu Ilu

Ina kasuwar Guci ina awon wake wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a kaina, ya ce Kawu Ilu ya rasu a Magaria da hantsi. Na yi salati, na ƙarasa cika wa mai saye kwanonta, na ɗaure buhu. Hawaye kuwa ko ɗigo.

Wan mahaifiyata ne, a hannunsa na koyi saye da sayarwa. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya taya abu sai ya zagaya shi. Yakan ce mini, "Kowa ya san kuɗin saniya. Kai tambayi shekara nawa za ta yi kafin ta biya kanta." Haka yake auna jaki da gona, har amalanke.

Shekarar da aka yi fari, ya soma cin dabbobi, sai ya sayar da rabin garkensa, ya je Kano wajen dangi, ya sayi hannun jari a wani banki. Abokansa suka sa shi gaba da tsiya, wai Ilu ya sayo saniyar takarda. Murmushi kawai yake yi. Duk shekara in an faɗi ribar banki, yakan gwada ta da farashin hannun jarin, ya ga shekarun da za a jira. Da farko kaɗan ne. Daminar bana ya ce mini farashi ya yi gudu ya bar riba tana ɗingishi, yanzu sai jikansa ya yi gemu kafin ta biya kanta. Ya yi niyyar sayarwa bayan kaka, bai kai ba.

Ranar rabon gado malamin da ke rabon ya ce in yi wa takardar hannun jarin ƙima, tunda ni ba magaji ba ne. Aka bai wa Inna Hadiza, matar marigayi, zaɓi a tumuninta: ko takardar, ko fadamarsa ta Bande. Da abin da ta ɗauka za ta ci sauran rayuwarta. Na durƙusa na faɗa mata ra'ayin mijinta, na roƙe ta ta ɗauki fadama, in kuwa takardar take so, to, a sayar tun da daraja. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Na ji ka, ɗana. Amma fadama ba ta taɓa kwana a aljihunsa ba. Wannan har yanzu ƙamshin turarensa take."

Kawu bai koya mini yadda ake auna wannan ba. Ta naɗe takardar a bakin zanenta.

Allah Ya gafarta wa Kawu Ilu, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna makomarsa. Allah Ya haɗa kan ƴaƴansa, Ya bai wa Inna haƙuri, Ya rufa mata asiri ko banki ya ba da riba ko bai bayar ba. Amin.